Kwalbar da Kawu Ya Cika

Makullin akwatin Kawu ya faɗa cikin tankin kifi ranar Talata da hantsi, ya yi ta lilo har ya shige bayan duwatsu. Makullin tagulla ne. Kawu ya zura hannu har hammata, wani kifi mai ratsin lemo ya ɗan ɗanɗana masa gashin hannu ya tofar, makulli kuwa ko ƙyallinsa.

To, a gidan nan gara ka taka wa Injiniya, maigidan, ƙafa da ka bar tagulla ta taɓa ruwan nan. Tankin ya kai tsawon gado, cike da ruwan gishiri da murjani mai rai, kore da shuɗi da ruwan hoda. Injiniya ya sha faɗa cewa 'yar ƙwayar tagulla ma kashe murjani take yi. Yana faɗa yana kallon Kawu, kamar an ce masa da tagulla aka ƙera shi.

Kawu yayan matar gidan ne. Shekararsa arba'in da bakwai. Maɗaba'ar da yake aiki ta rufe, matarsa ta kwashe yara ta yi gaba, shi kuma ya kwaso akwati ya tare a ɗakin ajiyar kaya na gidan ƙanwarsa, tsakanin tsohuwar taya da injin wanki da ya mutu. Wata takwas ke nan. Aikinsa goge gilashi, ba kifi abinci, da haɗa ruwan gishiri da ma'auni.

Gidan kuwa ko kurkuku ya san da zamansa. Makullin ƙofar waje yana aljihun Injiniya. Ƙanwar Kawu ba ta leƙa titi sai an rubuta ƙarfe nawa ta fita. Kujerar Injiniya ba a zama, kofinsa ba a taɓawa, gorar tataccen ruwansa ba ta rabuwa da gefensa. Kuma tun da ciwon ciki ya sa shi gaba, wando ya fara zame masa, sai faɗan ya ninka.

Kwana goma, murjani ya fara fari kamar an shafa masa alli.

Injiniya ya fito da wata 'yar kwalba mai murfi shuɗi ya dangwara a tebur. Irin wadda ake aikawa ɗakin gwaji ce, inda inji yake lissafo duk ƙarfen da ke cikin ruwa, komai ƙanƙantarsa.

"Kawu, cika ta daga tanki, ni sunkuyo ya gagare ni," in ji shi. "In takarda ta dawo ta ce hannunka ne, ka san inda ƙofa take."

"Ai ƙofar a kulle take, ranka ya daɗe."

"Zan buɗe maka."

Kawu ya tsaya da kwalba a hannu, kifaye suna kallonsa, shi ma yana kallonsu. Su dai aƙalla ba mai korarsu. In ya ɗiba daga tanki, tagulla za ta yi magana. In ya ɗiba daga famfo, injin zai gane, don Injiniya ya ce ruwan famfo ko ƙafarsa ba zai wanke da shi ba. Sai ya jira maigidan ya shiga wanka, ya samo ruwan da ya fi kowane tsabta a gidan, ya auna gishiri daidai yadda aka koya masa, ya motsa, ya cika kwalba, ya rufe. Har da goge ta da bakin riga.

Ranar ya ci abinci da marmari. Ƙanwarsa ta dube shi ta ce, "Yaya, yau kuma me aka samu?"

"Lafiya ce kawai, 'yar uwa."

Ita ma ta yi murmushi, abin da ya daɗe bai gani ba.

Mako guda yana jira. Kullum da safe ya zura hannu neman makulli, kullum kifin nan ya gaisa da gashinsa.

Ranar Laraba da rana waya ta yi ƙara. Matar ɗakin gwaji ce, ta ce takarda ba za ta isa ba, gara ta yi magana da baki. Injiniya ya buɗe muryar wayar don Kawu ya ji da kunnensa.

"Tagulla babu ko kaɗan," in ji ta.

Kawu ya sauke numfashi, har ya fara gyara wuyan riga.

"Amma akwai wani sinadari, asanik, irin wanda ake sa wa tsohon maganin ɓera. Ya yi yawa ƙwarai. Sau biyu muka gwada. Wannan ba daga gishiri ko bututu ya fito ba, malam, zuba shi aka yi. Kar kowa ya sa hannu a ruwan nan, balle ya kai baki."

Aka kashe waya. Injin tanki yana ta gurnani shi kaɗai.

Injiniya ya juyo a hankali, idanunsa sun faɗa, leɓensa ya bushe. "Wata takwas kana cin abincina. Me ka zuba wa kifina?"

Kawu ya buɗe baki. In ya yi shiru, yau zai kwana a titi, wataƙila ma a hannun 'yan sanda. In ya yi magana... Ya waiga. Ƙanwarsa tana tsaye a bakin ƙofar kicin da tire a hannu, ba ta kallon mijinta, shi take kallo.

"Ina jinka," in ji Injiniya, ya miƙa hannu gefensa, ya ɗauko gorarsa, ya buɗe murfi, ya kafa kai yana sha.

Daga cikin wannan gorar, wadda ƙanwarsa kaɗai ke cikawa kowace safiya, Kawu ya tsiyayi ruwan da ya aika.