Lallen Inna

Tun da aka kawo awarwaron da ke yin fari idan mara lafiya ya kusa cikawa, doka ta hana ma'aikatan asibiti faɗin komai sai ya nuna.

Na mahaifiyata ya ƙi nunawa. Ta sha lalle har gwiwar hannu, shi kuwa ba ya aiki a kan lalle.

"Haba Inna!" na ce. "Kin san ba za a ba Yaya Sabitu hutu ba sai da shaidar awarwaro!"

"Ni ba agogo ba ce da za a zauna ana kallona," in ji ta.

Nas Asabe ta taɓa ƙafafunta, ta saurari numfashinta, sannan ta ja ni waje.

"Lallen nan sai ya yi sati biyu kafin ya goge," ta ce. "Kar ku jira ya goge."