Wasiƙar Council

"Faɗa musu cewa gaskiya ne," in ji Goggo, ƙanwar mahaifina, tana miƙo mini wayarta.

Mata tara ne a falonta a unguwar Tottenham ta Landan, an dawo daga Juma'a, kowacce da katin banki a hannu. Ta riga ta yi musu bayani: ki biya fam tamanin na rajista, kamfani ya riƙa turo miki imel na talla, ki karanta, ƙarshen wata a raba riba da ke. Wai har malami ta tambaya, ya ce karatu ba haram ba ne. Ita imel ɗari take karantawa kullum, ga sabon leshi a jikinta shaida. Ni kuwa an kira ni in sa baki ne don a banki nake aiki.

"Ba zan faɗa ba, Goggo."

"Ke! A gaban mutane? Ni fa na goya ki!"

"Shi ya sa ba zan rufe ki ba. Abin da ake ba ki, kuɗin rajistar matan da kike kawowa ne."

"Ƙarya kike! Ladan karatuna nake ci."

Na buɗe jakata, na zaro wasiƙar council, wato ƙaramar hukuma, da ta ba ni da safe in karanta mata, kamar yadda nake karanta mata kowace wasiƙa shekara goma sha ɗaya. Na ɗora mata a cinya.

"To bismillah, Goggo. Layin farko kawai."

Ta ƙura wa takardar ido. Ɗaya bayan ɗaya, katunan suka koma jaka.