Darasin Furen Hashhash

"Babu mofin," in ji mai kemis na bakwai da Diktora ta tambaya wannan maganin kashe zafin ciwo. "Tun da yaƙi ya rufe gada."

Ta koma gida unguwar Alsawra hannu rabbana. Mahaifinta na kwance a inuwa, ciwon daji na cin ƙashinsa, yana cizon rawani kada maƙwabta su ji nishinsa.

Shekara goma sha ɗaya ta yi a jami'a tana nazarin furen hashhash, yadda inzayim, ƙananan ma'aikatan cikin tsiron, ke miƙa wa juna sinadari har ya zama mofin. Ta haddace kowane mataki, amma ko ɗigo ba za ta iya haɗawa ba.

"Diktora, ba a dace ba ko?" in ji mahaifinta; haka yake kiranta tun da ta zama dakta.

Ta girgiza kai.

"To, faɗa mini yadda furen ke yin sa."

Ta riƙe hannunsa, ta fara jero matakan a hankali. Numfashinsa ya ɗan lafa. A mataki na tara sai ta tsaya.

Ya matse yatsunta, idonsa a rufe.

"Kar ki tsaya a hanya, 'yata. Saura nawa mu isa?"