Sikelin Manu

Amos ya ɗora dutsen laba goma a kan tsohon sikelin, allura ta tsaya a kan goma. Ya sauke, ya sake ɗorawa. Goma. Karo na bakwai ke nan tun safe.

Shekara takwas ya yi a Ingila yana karatun noma. Ya dawo Funtua da daminar 1983 da digiri, da akwati biyu, da tarin da ya ƙi barinsa. Abokansa sun yi aure sun watse. A ofishin gwajin iri ana ce masa Dokta, amma da ya shigo sai hira ta mutu. Da yamma yakan bi layin dogo da ƙafa har bayan gidan gurzar auduga, ya juyo, ba wanda ya tambaye shi ina ya je.

Maska, garinsu, ba nisa, amma sau ɗaya ya leƙa, shi ma bai kwana ba. A gidansu duk ɗan da zai yi doguwar tafiya, uwarsa kan kaɗa zare da audugar gayaunarta, a saƙa masa gwado. Yayyensa biyu sun samu, ga su ko Kaduna ba su wuce ba. Shi da ya tafi ƙasar ƙanƙara, Inna Salome addu'a ta yi masa a bakin mota, hannu wofi. Bai taɓa tambaya ba. Bai kuma manta ba.

Lambar da ta kai shi Ingila ita ce yanzu ta hana shi sakat.

A 1975, yana ƙaramin malamin gona, aka ba shi ɗan filin gwaji a bayan gidansu, taku goma-goma, ya shuka sabon irin auduga. Sauran filayen gwaji sun ba da laba ashirin da 'yan kai. Nasa ya ba da arba'in da ɗaya. Aka ninka lissafin zuwa eka, aka buga a rahoto da sunansa a ƙasa. Da wannan lambar aka ba shi gurbin karatu. Da ita kuma aka ce manoma su bar tsohon iri, aka raba musu sabo.

Shekara takwas, daga Malumfashi har Mahuta, ba manomin da ya ga abin da aka yi masa alkawari. Yanzu wani kwamiti a Kaduna yana son jin inda arba'in da ɗayan ta fito. Amos da bakinsa ya nemi a ba shi binciken.

Ya san bai yi ƙarya ba. Abin da allura ta nuna ya rubuta, a gaban Turawa biyu. Matan gidansu da suka ciri audugar suka kawo ta a kwanduna ba su san harafi ko ɗaya ba, balle su san abin da lamba ke haifarwa. Saura mutum ɗaya: Manu mai awo, wanda saura shekara biyu ya ajiye aiki da sunansa fes.

Tsohon yana zaune a kan buhun angurya yana kallon yadda ake wahalar da sikelinsa.

"Baba Manu, ranar da aka auna audugata, wa ya saita shi?"

"Ni. Shekara talatin ni ke saita shi, ɗan Salome." Bai taɓa ce masa Dokta ba. "Ka ɗora dutsen nan har tashin ƙiyama, goma zai ce. Sikelina ba shi da dangi. Abin da aka ɗora masa shi yake faɗa."

Amos bai sami shaida ba. Amma dole lambar ta fito daga wani wuri, kuma ba daga alƙalaminsa ba. Ranar Juma'a ya rubuta: "Akwai alamar an taɓa sikeli a ranar awo." Ya daɗe yana kallon kalmar alama. Ba ƙarya ba ce ƙiri-ƙiri, in ji zuciyarsa. Ya sa hannu, motar ofis ta tafi da takardar.

Ranar Litinin aka karɓi mabuɗan Manu. Tsohon ya miƙe. Ya share sikelin da hannun rigarsa, ya tura kekensa ya fita. Daga ranar ko masinja ya daina gaida Amos.

Ranar Asabar ɗakinsa ya yi masa faɗi, ya hau babur sai Maska.

Ya tarar da Inna a gindin rumbu, mazari na juyawa a hannunta. Har yau tsohon iri take shukawa a gayaunarta. Ta ce zaren sabon irin ba ya jin magana. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Tarin nan, Turawan ba su da magani ne, ko rowa suka yi maka?"

Ta shiga ɗaki ta fito da gwado fari, sabo, ta jefa masa a cinya. Ya shafa shi.

"Inna, sai yanzu? Sai da na gama shan sanyin?"

Ta yi dariya, ta koma kan kaɗinta.

"Ji ɗan nan! Wannan ɗan filin da ka hana kanka barci a kansa, me ya haifa? Kwando biyu, ko rabi ba su kai ba. Ga baƙi za su zo awo, sai in zuba ido ɗana ya ji kunya? Ai audugar gwadonka ce na kwashe kaf, na cika kwandunan da ita kafin a kai wa Manu."