Cikin Samreen

"Samreen fa ciki gare ta, ranka ya daɗe," Nuzhat ta raɗa wa shugaban kamfaninsu a Karachi. Su biyun ke neman kujerar manaja, kuma a kwas ɗin kasuwanci an koya mata ta nemo raunin abokin gasa.

Nuzhat ta samu kujerar, amma abinci ya daina yi mata daɗi.

Samreen, da ba ta san abin da Nuzhat ta yi ba, ta same ta wajen mai shayi, idanu a kumbure.

"Yaya Nuzhat, ke da mijina kaɗai kuka sani. Shi kuwa dama ba ya son aikina. Har rantsuwa ya yi wai ba shi ya gaya wa shugaba ba. Maƙaryaci!"

Ta riƙe hannun Nuzhat.

"Na bar masa gidansa. Zan iya kwana wajenki?"