Kafinta da Fiffiken da Ya Karye

Tun da ka zauna kake ƙorafin abin da ka nema aka hana ka. Gyara zama ka ji wani misali.

An yi wani kafinta, mutumin arewa, da neman abinci ya kai shi wani gari a bakin teku, shi da ƙanensa. Shi ya kafa rumfa yana haɗa ƙofofi da kujeru. Ƙanen kuwa ruwa ne ya ja shi, ya koyi wasan nan da mutum ke tsayawa a kan allo igiyar ruwa ta ɗauko shi ta kawo gaɓa, har ya zamana da koya wa baƙi yake ciyar da matarsa da 'yarsu. A ƙarƙashin allon nan, ta baya, akwai fikafikai irin na kifi. Su ke hana shi zamewa, da su kuma ake juya shi. Ba a sayar da su a garin, don haka wan ne ke sassaƙawa. Da gwaji ya gane kansu. Dogon allo fiffike ɗaya yake so, mai tsawon taƙi da ɗoriya. In biyu za a sa, sai a faɗaɗa su. Gajeren allo kuwa uku ne, kowanne kamar tafin hannu, na gefe cikinsu a shafe bayansu da ɗan tudu. In fiffike ya yi girma allo ya yi taurin kai ya ƙi juyawa, in ya ƙanƙance gindin allo ya yi ta sulɓewa. Duk wannan ya iya, amma abin da yake tutiya da shi shi ne aikinsa ba ya karyewa. Katakon maɗaci yake sawa, ya wasa bakin ya yi kaifi don ya yanka ruwa, ya kafe shi da ƙusa.

Wata damina, lokacin da teku ke cika yana batsewa, ƙanen ya kawo gajeren allonsa a yi masa sababbi guda uku. Kafinta ya je wurin mai katako, aka ce maɗaci ya ƙare, ruwa ya cinye gada mota ba ta shigowa. Ya zaga gari bai samu ba. Wani maƙwabcinsa na da guntu a jingine a zaure, ya roƙe shi, maƙwabcin ya hana, ya ce ƙotar gatari zai yi da shi. Kafinta ya komo rumfa yana huci, ya jawo ragowar wani farin katako marar nauyi da ya rage a aikin ƙofa. Da ya wasa bakin sai ya riƙa marmashewa, dole ya dakusar da shi ya goge ya yi sumul. Da ya buga ƙusa sai ta tsaga shi, dole ya sake wani ya kafe da turakun ice da gam. Ya miƙa wa ƙanen allo yana kau da kai, ya ce kada ya gaya wa kowa wanda ya yi aikin. Maƙwabcin nan kuwa ko gaisuwarsa ya daina amsawa.

Ba a jima ba, wata rana da hantsi kafinta yana cikin fiƙe ƙafar kujera, sai ga wata mai tallan kifi a guje, ta ce igiya ta kifar da ƙanensa, allo ya juyo ya sare shi. Kafinta ya yar da gizago ya zura ba takalmi. Yana gudu yana tuna wani masunci da ƙarfen jirgi ya taɓa yanka a cinya, jini ya ƙare masa kafin a kai shi asibiti. Yana tuna tsohuwarsu a gida da ta damƙa masa amanar ƙanen nan ranar da za su taho. Ya ratsa taron mutane, sai ya tarar da shi zaune a kan yashi yana tarin ruwan gishiri. A cikin cinyarsa, daidai inda babbar jijiyar jini ta bi, wuri ya kumbura ya yi baƙi ƙirin, amma fata ba ta tsage ba. Allo na gefe, fiffiken tsakiya ya ɓalle tun daga tushe.

Ƙanen ya ɗago kai ya ce, “Yaya, yi haƙuri, na karya maka aiki.”

Wani tsohon masunci ya tsinto guntun a bakin ruwa, ya shafa dakusasshen bakinsa da yatsa, ya dubi cinyar, ya ce, “Da mai kaifin nan ne da ka saba yi, wanda ba ya karyewa, da yanzu likkafani muke nema.”

Kafinta ya matso. Ya zube a yashi kusa da ƙanensa, ya riƙe masa kafaɗa, ba abin da yake iya faɗa sai Alhamdu lillahi, yana maimaitawa hawaye na bin gemunsa. Da ya samu natsuwa ya goya shi har gida, matar ta dafa ruwan zafi aka gasa wurin. Bayan sati ƙanen ya koma ruwa yana ɗan ɗingishi.

To, ka ji. Shi ya sa Hausawa suka ce, wani hani ga Allah baiwa ne.