Ƙarfen da Muka Tsinta a Laka

Tun da teku ta cinye Ikko, doka ta hana yanka ƙarfe sai an haska cikinsa. Mu 'yan gwangwan muka tsinci tsohon jirgin yaƙi na ƙarƙashin ruwa a laka. In hukuma ta haska, ƙwacewa za ta yi, sai na kira Tanimu mai gyaran rediyo da na'urarsa haɗin gida.

Jan haske ya bi jikin jirgin. Ƙanena Ɗanjuma yana kan murfin ƙofar shiga, ya kunna wutar yanka.

"Alhaji, ga gawarwakin ma'aikatan, sha ɗaya, duk a zaune," in ji Tanimu.

Na ce, "Shekara ɗari, ai sun zaunu. Sake haskawa."

Ya sake, ya daɗe yana duban gilashin na'urar.

"Ce wa ƙanenka ya sauko a hankali. Goma ne a zaune yanzu."